Yadda Ake Auna Kaɗaicin Matasa a Gida da Cikin Abokai

Akwai yaron da duk inda ka gan shi yana cikin ayari. Shi ne mai ba da dariya a aji, wayarsa ba ta hutawa, amma da ya shiga gida sai ya koma kamar baƙo, ba shi da wanda zai gaya wa abin da ke cin ransa. Akwai kuma yarinyar da ita da mahaifiyarta kamar ƙawaye suke, amma a makaranta an mayar da ita saniyar ware. Dukkansu suna cikin kaɗaici, sai dai ba ciwo ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba. In ka tara su ka yi musu tambaya guda ka ba su maki guda, za ka san akwai matsala, ba za ka san ta wace ƙofa ta shigo ba. Shi ya sa duk matakan da ke ƙasa suka rataya a kan abu ɗaya: ka auna gida daban, ka auna abokai daban.

Na rubuta wannan ne don malami, da mai ba ɗalibai shawara, da ma'aikacin lafiya, da ɗalibin jami'a mai shirin bincike.

Mataki na farko: san abin da kake aunawa

Kaɗaici ba ƙidayar kawuna ba ne. A 1981 masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Perlman da Letitia Anne Peplau, suka bayyana shi a matsayin ƙuncin da mutum ke ji idan akwai giɓi tsakanin irin zumuncin da yake so da irin wanda yake da shi. Har yau a kan wannan bayanin mafi yawan masu bincike suke tafiya. Ma'anarsa, yaro mai aboki ɗaya tal zai iya zama lafiya lau in abokin ya ishe shi, mai abokai ashirin kuma ya kwana da ƙunci. Kafin su, a 1973, Robert Weiss ya raba abin gida biyu: rashin mutum na kusa wanda zuciya ta natsu da shi, da rashin jama'ar da mutum yake jin shi nasu ne.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska tana yaudara. Iyaye da malamai suna ganin waje ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka matashin da kansa za a tambaya, abin da manya suka lura da shi ƙari ne kawai.

Ka kuma tsayar da shekarun waɗanda za ka auna tun yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa masu shekara 10 zuwa 19 a matsayin masu tasowa, kuma tazarar da ke tsakanin ɗan shekara 11 da ɗan shekara 18 ba ƙarama ba ce, a karatu da kuma a abin da kowannensu ke nema wurin iyaye. A rahoton da hukumar ta fitar a watan Yuni na 2025 ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma a cikin matasa ne abin ya fi yawa, wajen ɗaya cikin biyar.

Mataki na biyu: zaɓi ma'auni

A nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Sai a ɗauko takardar da ta fi suna a raba, daga baya a ga ba ta amsa tambayar da ake da ita ba.

Wanda ya fi shahara shi ne ma'aunin UCLA (sunan Jami'ar California da ke Los Angeles), wanda Daniel Russell da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1978, aka gyara shi a 1980, aka sake gyarawa a 1996. Tambaya 20 ne, kowace tana da amsa huɗu, makin yana tashi daga 20 zuwa 80. Yana da wata dabara mai kyau: ba ya fitowa fili ya ce wa mutum "kana cikin kaɗaici?", zagayawa yake yi. Matsalarsa ga aikinmu ita ce maki ɗaya yake bayarwa, bai damu da ko gida ne ko makaranta ba. A 2004 Mary Elizabeth Hughes da abokan aikinta suka tsamo gajerensa mai tambaya uku: sau nawa kake jin ba ka da abokin zama, sau nawa kake jin an ware ka, sau nawa kake jin ka yanke daga mutane. Makinsa 3 zuwa 9 ne, masu bincike da yawa kuma suna ɗaukar 6 zuwa sama a matsayin alamar kaɗaici. A 2018 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da ukun nan tare da tambaya ta huɗu kai tsaye, ta kuma sauƙaƙa lafazinsu don 'yan shekara 10 zuwa 15.

Na Steven Asher da abokan aikinsa na 1984 an yi shi ne don yara 'yan makaranta, hankalinsa yana kan tsara. Tambaya 24 ne, 16 ne kawai ake lissafawa, sauran takwas ɗin a kan wasanni da abubuwan sha'awa suke, an saka su ne don yaro ya saki jiki. Wannan dabarar ta cancanci aro.

Biyu ne suka raba gida da waje tun daga tushe. Na farko daga Jami'ar Leuven ta Beljiyam ya fito a 1987, aikin Alfons Marcoen da Luc Goossens da Paul Caes, ana kiransa LACA. Tambaya 48 ne a kashi huɗu, sha biyu-sha biyu: kaɗaici wurin iyaye, kaɗaici wurin tsara, ƙin zama shi kaɗai, da son zama shi kaɗai. Kashi biyun ƙarshen nan suna da daraja, domin su ne za su hana ka ɗora wa yaro mai son keɓewa ya yi karatu ko tunani ciwon da ba shi da shi. Na biyu shi ne SELSA, na Enrico DiTommaso da Barry Spinner na Kanada, 1993, wanda ya raba iyali da soyayya da abokai, gajerensa mai tambaya 15 kuma ya fito a 2004. Don manya aka yi shi, don haka ya fi dacewa da manyan matasa.

In ni ne, kashi biyun farko na LACA zan ɗauka, tambaya 24 ke nan, in ƙara tambaya ɗaya kai tsaye a ƙarshe. In lokaci ya ƙure, sai ka rubuta naka gajere, shida na gida shida na abokai, amma ka san cewa naka bai sha gwajin da waɗancan suka sha ba, kuma ba za ka iya kwatanta sakamakonsa da na wasu ba. Kafin ka yi amfani da na wani kuma, ka duba ko ana buƙatar izinin masu shi.

Mataki na uku: daidaita harshe

In ma'aunin da wani harshe aka rubuta shi, mutum ɗaya ya fassara, wani daban wanda bai taɓa ganin na asalin ba ya mayar da fassarar harshen farko, sannan ku zauna ku kwatanta. Inda biyun suka saɓa, nan ma'ana ta zame.

Kalmomi uku za su ba ka wahala. "Kewa" tana nufin begen wani takamaimai da ba ya kusa. "Zama ni kaɗai" yana iya nufin babu kowa a ɗakin kawai. "Kaɗaici" shi ne ya fi kusa da abin da muke nema, amma wasu yaran za su fahimce shi a matsayin na biyun. Hanyar tsira ita ce ka bar sunan ciwon, ka tambayi alamarsa. Ga irin jimlolin da nake nufi, na gida:

1. Ina jin babu mai saurarena a gida.
2. Ko ina tare da 'yan gidanmu ina jin kamar ba na cikinsu.
3. Ina ɓoye damuwata don babu wanda zai gane ta a gida.
4. Akwai babba a gida da nake iya gaya wa sirrina.
5. In na dawo ba na cikin walwala, akwai mai lura.
6. Ina jin ana jin daɗin zamana a gida.

Na abokai su ma haka: uku masu nuna rashi, irin su "ana shirya abu ba a kira ni ba", uku masu nuna samu, irin su "ina da abokin da zai tsaya mini". Amsoshi huɗu sun isa: ban taɓa ji ba, da wuya, wani lokaci, sau da yawa. Ka saka iyakar lokaci a saman takarda, misali "a cikin wata ɗaya da ya wuce", in ba haka ba wani zai amsa a kan faɗan da suka yi jiya, wani kuma a kan rayuwarsa gaba ɗaya.

Ka guji "uwa" da "uba" a cikin jimla in ba dole ba. Wani maraya ne, wani iyayensa sun rabu, wani a hannun kaka ko yaya yake. "Waɗanda nake zaune da su" ko "masu kula da ni" ya ɗauke kowa, bai kuma fama wa kowa miki ba. Sannan kada jimla ɗaya ta ɗauki tambaya biyu. In ka rubuta "iyayena da 'yan'uwana suna saurarena", me yaron da ƙanwarsa kawai ke saurarensa zai zaɓa?

Mataki na huɗu: izini da sirri

Wanda bai kai shekara 18 ba, ana neman izinin mai kula da shi, ana kuma neman yardarsa shi kansa. Ya san yana da damar ƙin cikawa ko tsallake tambaya ba tare da ya jawo wa kansa komai ba. In bincike ne, kwamitin da ke duba ƙa'idojin bincike ya sa hannu tukuna.

Ka yanke shawara: ba suna kwata-kwata, ko lamba? In kawai kana so ka san yanayin ajin ne, bar suna. In kana so ka iya komawa ga wanda ke cikin matsala, ba kowa lamba, ka ajiye takardar da ta haɗa lamba da suna a wani wuri daban a kulle. Kuma ka faɗa musu iyakar sirrin tun kafin su ɗauki biro: babu mai ganin amsarku, sai in na ga alamar wani yana cikin haɗari, to a nan dole in nemo masa taimako. Alkawarin da ba za ka iya cikawa ba, kada ka ɗauka.

Abu na ƙarshe a nan, wanda aka fi mantawa: kafin ka raba takarda ko ɗaya, ka san wurin wa za ka tura yaron da abin ya yi wa yawa.

Mataki na biyar: gwaji a kan 'yan kaɗan

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Samu matasa biyar zuwa goma waɗanda ba sa cikin waɗanda za ka auna, ka zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya karanta jimla da ƙarfi, ya faɗa maka da bakinsa me ya fahimta, sannan ya zaɓi amsa ya gaya maka dalili.

A irin wannan zaman ne na taɓa jefar da jimlar da nake ji da ita. Na rubuta "ina yawan zama ni kaɗai a gida". Wata yarinya ta zaɓi "sau da yawa" tana murmushi. Na ce, me ya sa? Ta ce, "Malam, ai lokacin ne kawai nake samun sararin karatu, ƙannena ba sa barina." Da ban tambaya ba, da na ba ta maki huɗu na kaɗaici a kan abin da ya fi komai yi mata daɗi a yininta.

Ka duba agogo kuma. In cika takardar ya wuce minti goma sha biyar, rage ta.

Mataki na shida: ranar cikawa

A raba kujeru yadda wani ba zai leƙa ta wani ba. Malamin ajin ya fita in zai yiwu, iyaye kuma kada su kasance a wurin sam, domin babu yaron da zai zaɓi "babu mai saurarena a gida" mahaifinsa yana tsaye a kansa. Ka ce musu ba jarrabawa ba ce, babu amsar daidai babu ta kuskure. In akwai masu raunin karatu, karanta wa kowa da kowa da murya ɗaya, ba tare da nuna wanda aka yi dominsa ba. Ka guji makon jarrabawa da makon farko na dawowa hutu. Kowa ya ninke tasa ya jefa a akwati da hannunsa.

Tambayar kai tsaye, "sau nawa kake jin kaɗaici?", a ƙarshe za ta zo. An daɗe da lura cewa maza sun fi jin nauyin amsa ta da gaskiya, alhali a tambayoyin da suka zagaya ba su cika bambanta da mata ba. In ka ga yaro ya ce "ban taɓa ji ba" a nan amma makinsa na sama ya yi yawa, kada ka ce ƙarya yake yi, sunan ciwon ne ba ya so.

Mataki na bakwai: lissafi

Ban taɓa ji ba 1, da wuya 2, wani lokaci 3, sau da yawa 4. Jimlolin da ke nuna samu, wato na huɗu zuwa na shida a misalinmu, juya su ake yi: ka cire amsar daga 5. Wanda ya zaɓi 4 a "akwai babba a gida da nake iya gaya wa sirrina" makinsa 1 ne, wanda ya zaɓi 1 makinsa 4. In ka manta da juyin nan, duk aikin ya tashi a banza, kuma ba za ka gane ba don lambobin za su fito tsaf kamar na gaske. A gajeren misalinmu mai jimla shida-shida, kowane kashi zai tashi daga 6 zuwa 24.

Mu ɗauki takarda mai lamba 14 a matsayin misali. A na gida ya zaɓi 4, 3, 4 a ukun farko, sannan 1, 2, 1 a ukun ƙarshe, waɗanda suka juye suka zama 4, 3, 4. Jimla 22. A na abokai ya zaɓi 1, 2, 1, sannan 4, 4, 3 da suka koma 1, 1, 2. Jimla 8. Mai lamba 27 kuma ta samu 9 a gida, 21 a abokai. Mai lamba 31 ya samu 15 da 15. In ka haɗa kashi biyun, dukkansu uku 30 za su samu, ka ce matsalarsu ɗaya, ka shirya musu wasannin ƙulla abota. Mai lamba 27 za ta amfana. Mai lamba 14 zai je ya yi ta ba da dariya kamar kullum, ya koma gida inda ciwon yake.

In an tsallake tambaya ɗaya cikin shida, ɗauki matsakaicin biyar ɗin ka ninka sau shida: in sun haɗu 15, matsakaici 3 ne, maki 18. In an tsallake biyu ko fiye, ajiye wannan kashin, kada ka ƙirƙiro wa yaro amsa. Takardar da aka zaɓi amsa iri ɗaya daga sama har ƙasa, har da jimlolin da ke saɓa wa juna, mai ita bai karanta ba, ware ta.

Mai bincike zai ƙara da lissafin da ake kira alfa na Cronbach, wanda ke nuna ko tambayoyin kashi ɗaya suna tafiya tare. An saba karɓar 0.70 zuwa sama. Ka lissafa wa kowane kashi nasa. Manhajojin ƙididdiga suna yin sa, har da na kyauta.

Mataki na takwas: karanta sakamakon, sannan ka yi magana da yaron

Babu wani layin da duniya ta amince cewa daga nan zuwa sama yaro "yana da" kaɗaici, musamman a ma'aunin da ka haɗa da kanka. Abin da za ka iya yi shi ne ka jera makin kowane kashi daga babba zuwa ƙarami, ka duba kashi ɗaya cikin huɗu na sama. Daga nan mutane iri huɗu za su fito maka: mai sauƙi a duka biyun, mai nauyi a gida kawai, mai nauyi a abokai kawai, da mai nauyi a duka biyun. Na ƙarshen nan da shi za ka fara, domin ba shi da inda zai fake. Ka kuma duba maza daban mata daban, ƙanana daban manya daban. Yayin da yaro ke girma yakan ɗan ja baya da iyaye ya karkata ga tsara, don haka ɗan hawan maki a ɓangaren gida ga ɗan shekara 16 ba lalle ne ya zama abin tashin hankali ba.

Wasu suna ƙara wata hanya: kowane ɗalibi ya rubuta sunan uku da ya fi so ya zauna da su, a ga wanda babu mai ambatonsa. Tana nuna wanda aka ware, amma ba ta nuna yadda yake ji, kuma in ta fita hannu ta zama abin tsokana. Ni dai ba na tambayar "wa ba ka so", ko da littattafan bincike sun yi.

Maki ba hukuncin likita ba ne, dalilin zama ne a yi hira. Ka kira shi a keɓe, ta hanyar da abokansa ba za su gane dalili ba. Kada ka fara da "na ga kana cikin kaɗaici". Ka ce masa, "Ya gida? In abu ya dame ka, wa kake gaya wa?" Sannan ka yi shiru, ka bar shi ya cike gurbin. In ya ambaci rashin barci da ya daɗe, ko daina cin abinci, ko duka da cin zarafi, ko tunanin cutar da kansa, aikin ya wuce na takarda, ka haɗa shi da ma'aikacin lafiya a ranar. In matsalar gida ce, ka tambaye shi da wa yake so a yi magana kafin ka kira kowa, kuma kada ka miƙa wa iyaye takardarsa su karanta. Abin da za ka kai musu shi ne buƙatar, ba amsoshin ba.

Mataki na tara: sake aunawa

Awo ɗaya hoton rana ɗaya ne. Yaron da ya canza makaranta ko aka yi masa rasuwa zai iya samun maki mai yawa yau, bayan wata uku ya sauka da kansa. Wanda ya zauna a sama sau biyu ko uku a jere shi ne mai ciwon da ya zauna. Don haka ka sake bayan wata uku zuwa shida, da takarda iri ɗaya ba tare da canza ko kalma ba, da lambobin da ka ba su tun farko, a irin lokacin da wurin da aka yi na farko. Ka jera makin gida na da da na yanzu a layi ɗaya, na abokai a wani layin. Bambancin maki ɗaya ko biyu kada ya ɗauke maka hankali, yanayin ranar kawai zai iya kawo shi. Da ka gama zagayen ƙarshe, takardar nan da ta haɗa lambobi da sunaye, ka yayyaga ta ko ka ƙone ta.